Yawun Mutum Biyu a Kwalba Ɗaya

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da duk wanda yake kyautata maka a can inda ba ka da kowa. Allah ya ƙara maka lafiya da juriya, ya sa albarka a neman da ka fita, ya dawo mana da kai lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan da ka ce yana damunka? Mu nan duk muna lafiya. Inna tana samun sauƙi, tarin ya lafa, har ta koma yi mini faɗa a kan gishiri, ka ga kuwa lafiya ta samu. Baban yara yana nan yana fama da motarsa, wadda yanzu ta fi son kwana a gareji fiye da ƙofar gida. Ni ma ina shago, ɗinki ya ɗan farfaɗo tunda yara suka koma makaranta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Maganar da nake son yi maka ba ta waya ba ce, don layinku yankewa yake yi, kai kuma ba ka taɓa barin mutum ya kai ƙarshen zance ba tun muna yara. Abu ɗaya nake so ka riƙe a ranka kafin ka ci gaba: duk wanda zan ambata a nan yana raye kuma yana lafiya. Sauran ka karanta a zaune, domin ni da na gani da idona har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Ka tuna sharaɗin da likita ya kafa ranar da aka sallamo Inna daga asibiti. Ya ce huhunta ya yi rauni, idan cutar numfashin nan da ke yawo ta kama ta ba lallai ta tashi ba, saboda haka duk yaron da ke zuwa makaranta kada ya shiga ɗakinta sai in an gwada shi an ga ba ya ɗauke da komai. A lokacin makarantu a rufe suke, maganar ba ta dame mu ba. Da aka zo buɗewa sai gwamnati ta sanar cewa za ta ɗauki nauyin gwajin yara kowane mako, amma a makarantunta kaɗai, masu zaman kansu kuwa su ji da kansu. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na yi dariya har da riƙe ciki. Na tuna yadda ka ce 'yarka Gimbiya ba za ta zauna a ajin da ake rabon benci ba, ka sa ta a makarantar kuɗi tana tafiya da farar safa, ni kuma Autata tana ta gwamnati inda taga ba ta da gilashi. Na ce wa Baban yara yau dai ga mu a gaba sau ɗaya a rayuwa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kai a hoto kawai ka san makarantar Gimbiya, kuma mai hoton ya san aikinsa. Ajujuwa ne a saman jerin shaguna, ƙarƙashinsu mai gyaran firji ne da mai sayar da fenti, matakalar kuma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma baya. Iyayen yaran masu gadi ne da direbobi da masu ƙananan sana'a irina, waɗanda suke matse bakin aljihu don yaro ya samu aji marar cunkoso. Mai makarantar tsohon malami ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, kullum da alli a hannun rigarsa. Ya zagaya wuraren gwaji na kuɗi, ya dawo ya tara iyaye ya faɗa musu abin da ya jiyo, wasu suka ce in haka ne gara su kwashe 'ya'yansu. Sai ya haƙura, ya sayi abin auna zafin jiki da sabulu da bokiti ya ajiye a bakin matakala. Ni ma na kai Gimbiya gwajin kuɗi sau ɗaya, amma abu ne da ake so a maimaita duk mako, ya fi ƙarfina, kuma na ji nauyin ƙara maka kaya a kan maganin Inna.

To ka ga yadda gida ya kasance. Yarinyar da tun rasuwar mahaifiyarta a bayan Inna take kwana, ita ce ta san inda tabarau yake in ya ɓace, ita ke shafa mata man zafi a gwiwa, ita aka fitar wa katifa zuwa ɗakin yara. Auta kuwa tana shiga tana fita yadda ta ga dama, don duk mako sakamakonta yana fitowa. Na san tsarin yana da ɓaraka tunda ita da Gimbiya ɗaki ɗaya suke kwana, na kuma faɗa wa likita, ya ce babu tsarin da ba shi da ita, mu dai rage abin da za mu iya ragewa. Gimbiya sai ta koma gaida Inna daga baranda, ta tagar nan mai ƙarafa, da takunkumi a fuska. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi damuna, don ka san halinku ɗaya, in abu ya yi muku ciwo shiru kuke yi. Takan ja kujera ta zauna a gindin tagar ta yi aikin gida, Inna na ciki tana ta mita cewa ita ba ta ga amfanin ran da aka tsawaita mata aka raba ta da jikarta ba.

Bari in bayyana maka yadda gwajin makarantar su Auta yake, don a nan zancen ya ta'allaƙa. Ba kowane yaro ake gwadawa shi kaɗai ba, kuɗin ba zai kai ba. Ana ba kowa 'yar kwalba mai murfi ya tafi da ita gida, ran Litinin da safe kafin ya ci komai ko ya wanke baki ya tofa yawu a ciki ya kai makaranta. A can sai a juye na ajin gaba ɗaya cikin kwalba guda a kai ɗakin gwaji. Idan ta fito lafiya, ajin duka lafiya ke nan. Idan aka ga wani abu, sai a dawo a bi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara ji na ce kai, wannan ƙazanta har ina, amma da na yi tunani na ga dabara ce ta masu hankali. Shugabar makarantar, wata doguwar mata da ko iyaye ke shakkarta, ta ja wa yara kunne cewa duk wanda ya yi wasa da kwalbar nan zai bar makarantar, kuma zai iya jawo a janye musu gwajin baki ɗaya. Sakamako yana zuwa ne washegari da yamma ta saƙon waya.

Na lura da wani abu amma ban kawo komai a raina ba. Duk ranar Laraba Gimbiya tana tashi da fara'a, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta je ta zura shi ta tsakanin ƙarafan taga Inna ta riƙe. Sauran ranaku ko Inna ta miƙo nata hannun, sai ta noƙe ta ce ba yau ba. Na ɗauka rigimar yara ce kawai, har nake tsokanarta cewa ta mayar da kakarta ofis mai ranar ganin baƙi.

Ana nan sai wani mako saƙo ya zo cewa an ga cutar a kwalbar ajin su Auta. Hankalina ya tashi, na hana ta ko leƙa ɗakin Inna. Washegari ma'aikatan lafiya suka je makarantar da kansu, suka bi yaran ɗaya bayan ɗaya da tsinken nan mai auduga da ake sa wa a hanci. Da sakamako ya dawo, babu ko yaro ɗaya da aka samu da ita, har malamar ajin. Aka ce wataƙila kuskure ne aka samu wajen aikin, kowa ya koma aji. Muka yi ajiyar zuciya, muka gode wa Allah. A cikin wannan farin cikin ne Inna ta samu ƙofa. Ta ce ga shi nan na'urar tasu ma ƙarya take yi, a kan me za a ci gaba da azabtar da marainiya? Baban yara ya goya mata baya, ya ce in dubi Gimbiya da kyau, duk gidan babu mai lafiyarta, ko atishawa ba ta yi. Ni ma na gaji da ganin yarinyar a gindin taga. Na ce to shi ke nan, yau ta koma ɗakin kakarta.

Da yamma ne, ina dawowa daga shago. Baban yara ya ɗauko katifar a ka, Gimbiya na biye da shi rungume da matashinta, fuskarta kamar an yi mata kyautar duniya, Inna kuma ta riga ta matsa ta gyara wuri. Sai ga Auta ta fito daga bayan gida da gudu, ta sha gabansu, ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannuwa ta dafe ginshiƙan biyu. Ka san jikinta, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ta. Ubanta ya ce ta kauce, ta ƙi. Na daka mata tsawa, na ɗauka kishi ne, har na ce mata ashe haka zuciyarta take. Hawaye na zubo mata, amma ko taku ɗaya ba ta ja ba. Ta ce ko za a yanka ta Gimbiya ba za ta shiga ba, ita ma kanta ba za ta shiga ba.

Da ƙyar ta iya haɗa maganar. Ta ce tun makon farko, duk ran Litinin su biyu suke tofa yawu a kwalbarta, ita rabi Gimbiya rabi, a ɓoye a bayan ƙofar banɗaki. Ta ce ta ga gwamnati ta ba ta kwalba ba ta ba 'yar'uwarta ba, kwalbar kuma tana da sauran wuri. Shi ya sa duk lokacin da sakamako ya fito lafiya, washegari Gimbiya take yarda ta ba Inna hannu. Sun so su faɗa mini tun tuni don a bar ta ta koma ɗakin, tsoron kora ya hana su. Sannan ta faɗi abin da ya sa na nemi wuri na zauna a ƙasa. Ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ba. An ga cuta a kwalbar, an bi duk 'yan ajin ba a samu ba, saboda mai ita ba 'yar ajin ba ce. Tun safe take ta juya lissafin a ranta, ta san in ta yi magana za a kore ta daga makaranta, in ta yi shiru kuma katifa za ta shiga. Gimbiya ita ba ta ma kawo wannan a ranta ba, murna ta rufe mata ido. Da ta gane, sai ta saki matashin ta ja da baya har ta jingina da bango, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

Yaya, yarinyar da har yanzu sai na bi ta da takalmi da safe, ita ce ta hango abin da ya shige wa manya duhu a ranar, har da ni uwarta. Na dube ta kamar ban taɓa ganinta ba. Na ji tsoro, na ji kunyar tsawar da na yi mata, na kuma ji wani irin girman Allah ya cika mini ƙirji, yadda yake ajiye tsari a inda ba a zato. Baban yara ya sauke katifar a baranda a hankali, ya tsuguna gaban Auta.

Da safe na kama hannunta muka je wurin Shugabar makaranta, don na ce gaskiya ba za ta tsaya a gidanmu ba. Matar ta saurara har ƙarshe fuskarta a murtuke, sannan ta tashi ta nufi ajin muna biye. Ta ce wa yaran duk wanda ya taɓa barin wani ya tofa a kwalbarsa ya ɗaga hannu, ta yi alkawarin ba za ta taɓa kowa ba. Auta ta fara ɗagawa. Can sai wani hannu ya tashi a baya, sai wani, sai wani, har aka kusa rabin aji. Wata ta ce da ƙanenta mai zuwa makarantar kuɗi suke yi. Wani ya ce da babansa mai gyaran takalma, don yana zama a bakin titi kowa na yi masa tari a ka. Wata ta ce da kakarta, sai ta ce mata magani ne ake haɗawa. Wani ɗan ƙarami ya ce shi ya gwada da kyanwarsu amma ta yakushe shi, har ya nuna tabon. Babu wanda ya koya wa wani, kowa a ɓoye yake yi yana ganin shi kaɗai ne mai laifin. Shugabar ta juya ta fuskanci allo ta daɗe, kafaɗunta na motsi, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Da ta juyo sai ta ce kowa ya faɗi wanda ya sa a kwalbarsa, yau ɗin nan za a nemo su.

Ashe akwai wata doka dabam da ta ce duk wanda ake zargin ya yi mu'amala da mai cutar, asibiti zai gwada shi kyauta ko daga ina yake. Da ita aka kwashe mu duka zuwa ɗakin gwaji, da kakanni da mai gyaran takalma da Gimbiya. Allah da ikonsa, malamar da ke aikin wurin mai kawo mini ɗinki ce, ni nake yi mata fararen rigunan aikinta ban taɓa tambayar me take yi da su ba. Da ta ji labarin ta riƙe haɓa, ta ce dama ta daɗe tana mamakin yawan yawun yaran ajin nan, kullum kwalbarsu ta fi ta kowa cika. Na roƙe ta ta nuna mini abin da ya ga cutar, ta tsayar da ni a bayan wani gilashi ta nuna mini.

Na zaci zan ga wani ƙaton inji mai cika ɗaki. Wallahi bai fi akwatin keken ɗinkina girma ba, fari, yana ɗan gurnani a kan tebur. Ta ce ƙwayar cutar ƙanƙanta ce ƙwarai, ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganinta, kuma cikin yawun aji guda abin da ke akwai nata bai taka kara ya karya ba. Abin da na'urar ke yi shi ne ta ɗumama ɗigon ta sanyaya, ta sake ɗumamawa ta sanyaya, kowane zagaye ɗan alamar da cutar ta bari sai ya ninka kansa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya yi yawan da zai ba da haske. In babu komai, babu abin da zai ninku. Ta nuna mini allon kwamfuta, layuka a kwance kamar zare, sai guda ɗaya da ya ɗago kai ya haura sama. Na tsaya ina kallo tsigar jikina na tashi. Abin da ido ba ya gani ya rufe makarantu da kasuwanni, ya hana ka zuwa gida, ya raba Inna da jikarta. Sannan Allah ya ba ɗan Adam basirar da zai nemo shi a cikin tofin yarinyar da ko sunanta babu a wurin. Na yi ta tasbihi a raina har malamar ta taɓa ni ta ce in matsa ana jiran wurin.

Cikin duk waɗanda aka kwaso, Gimbiya kaɗai aka samu da cutar. Ka yi haƙuri da ban faɗa maka a waya ba, na ga babu abin da za ka iya daga can sai rashin barci. Na kwashe yadudduka daga ƙaramin ɗakin da nake ajiyar kayan ɗinki na killace ta a ciki. Aka gwada mu duka, har Inna da aka zo gida aka ɗauki nata, bayan 'yan kwanaki aka sake maimaitawa. Kwanakin jiran nan ba na fatan maƙiyina ya gan su, duk tarin da Inna ta yi sai gabana ya faɗi. Duka suka fito lafiya, har Auta da suke kwana ɗaki ɗaya. Ita Gimbiya ba ta ji jiki ba, ɗan zazzaɓi ne na kwana biyu, sai ƙamshi da ya ɗauke mata, ta ce sabulu da albasa duk ɗaya take ji. Auta ta riƙa tura mata zane-zane ta ƙarƙashin ƙofa, yawancinsu na kyanwar da ta ƙi ba da yawu.

Da aka samu Gimbiya, sai dokar nan ta hau kan makarantarsu, aka je aka gwada ajinsu kyauta, aka samu wasu yaran da malami ɗaya, duk suna yawo ba su sani ba. Ka ga abin da aka ƙi biya kafin cuta ta shiga, an biya bayan ta shiga. Aka kira taron iyayen makarantun biyu, wani jami'i ya zo daga ma'aikatar ilimi. Na tafi da maganganu cike da baki, ka san ni. Amma mutumin ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya ce abin da aka ware kaɗan ne, in aka ce a raba da masu zaman kansu, manyan makarantu masu motocin ɗaukar yara su ma za su miƙo hannu, kuma makarantun gwamnati na ƙauye ne za su rasa. Sai Mai makarantar su Gimbiya ya miƙe, ya ce shi ba ya neman a ɗauke wa kowa nasa, amma a daina sa shi a ma'auni ɗaya da masu motoci, a zo a hau matakalarsa a gani. Ya ce yaransa da na gwamnati famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, tabarma ɗaya suke kwana. Jami'in ya rubuta, ya ce zai kai gaba. Har yau ana kai wa gaba. Ba a kori Auta ba, ba a kuma janye gwajin ba, sai dai yanzu a cikin aji ake tofawa gaban malama, ƙofar da yaran suka buɗe an rufe ta.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake nema a wurinka. Likita ya ce wanda ya warke yana da ɗan kwanciyar hankali na wani lokaci, amma ba na har abada ba ne, in cutar ba ta wuce ba za mu koma gidan jiya. Ko dai ka amince in mayar da Gimbiya makarantar su Auta a zango mai zuwa, ko ta zauna inda take mu san yadda za mu yi da gwajin. Na san abin da makarantar nan take nufi a wurinka, na san alkawari ka ɗaukar wa mahaifiyarta cewa za ta yi karatu mai kyau, kuma ba zan ce malamanta ba sa ƙoƙari ba. Na tambaye ta, ta ce ba ta son rabuwa da ƙawayenta, amma in an ce ta zaɓa tsakaninsu da ɗakin Inna ba sai an tambaye ta ba. Ni ra'ayina a mayar da ita, amma 'yarka ce, abin da ka yanke shi za a yi. Ka yi tunani ka ba ni amsa kafin a rufe ɗaukar sababbin ɗalibai.

Jiya ne sakamakonta na ƙarshe ya fito, likita ya ce ta warke sarai, ta shiga duk inda take so. Ta yi wanka, ta sa rigar da na ɗinka mata tana killace, muka raka ta har ƙofar Inna. Na zaci da gudu za ta faɗa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ɗaga ƙafa. Inna ta kira ta, ta sake kira, sannan ta shiga a hankali ta durƙusa gaban gado, kanta a juye gefe guda. Na ga kumatunta sun kumbura, idanunta sun kawo ruwa, sai na gane numfashinta ta riƙe. Tun daga bakin ƙofa ba ta shaƙa ba, ba ta fitar ba, tsoron iskar bakinta take ji. Inna ma ta gane. Ta sa tafukanta biyu ta kamo fuskar yarinyar ta juyo da ita, ta matso da ita har goshinsu ya haɗu, ta ce mata ta saki, ta huro mata a fuska, ita numfashin nan take jira tun da aka raba su. Gimbiya ta yi ta girgiza kai har ta kasa, sannan ta sake shi gaba ɗaya tare da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Inna ta lumshe ido ta shaƙa, ta ce ta ƙara. Ni dai na ja Auta muka fito muka ja musu ƙofa.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce ka rage aikin da ke karya maka baya. Baban yara yana gaisuwa da fatan alheri. Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Yaya Babba duk sun ce in isar maka da gaisuwarsu. Gimbiya ta ce za ta rubuto nata da hannunta, Auta kuma ta ce in tambaye ka ko kana fushi da ita, na ce mata kai za ka ba ta amsa da bakinka. Ka gaida mai gidan da kake haya da abokin ɗakinka. Allah ya tsare mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Maman Auta